Farfesa da Gadin Gado

Akwai wata yarinya a wata makarantar koyon aikin ungozoma, wadda 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Farfesa. Da farko tsokana ce, amma sai ta rungumi sunan hannu bibbiyu, har ta kai in ba ka kira ta da shi ba, sai ta yi kamar ba da ita kake ba.

Gaskiya Allah Ya ba ta kai. Abin da wasu za su yi kwanaki suna haddacewa, ita kallo ɗaya take yi masa. Matsalarta ita ce ta san ta sani, kuma tana so kowa ya san ta sani.

Yayarta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama. Yaya tela ce, keken ɗinkinta na bakin tagar falo, kuma da wannan keken aka kai Farfesa inda ta kai. Ko fararen kayan makarantar ma ita ta ɗinka mata, alhali tana ɗauke da cikin da ta yi shekara da shekaru tana roƙon Allah Ya ba ta. Kullum cewa take, "Ni kam na huta, ungozomata a gida take."

Mai koyar da su wata dattijuwa ce mai tsadar dariya, kowa Sista yake kiranta. Ita ke shiga aji da su, ita ke lura da su a ɗakin haihuwa na asibitin da suke koyon aiki. Wata safiya ta rubuta kalmomi biyu a allo.

"Kalmomin aikinmu da yawa daga harshen Latin aka aro su," in ji ta. "Wannan ante, ma'anarta kafin. Wannan kuma post, ma'anarta bayan. Gaban suna ake sa ta, ta nuna lokacin da ya biyo bayan abin. Wa za ta ba ni misali?"

Kafin ta rufe baki hannun Farfesa na sama.

"Post partum, bayan haihuwa. Post cibum, bayan cin abinci. Post meridiem, bayan tsakar rana." Ta juya ta kalli sauran ajin, ta gyara zama.

Sista ta ce, "Madalla, baki ya iya. Saura hannu. Ku ji ni da kyau, 'yan mata. Ana cewa haihuwa yaƙin mata, to fitowar jariri ba ita ce ƙarshen yaƙin ba. Mace takan haihu lafiya, ta yi dariya, ta sha shayi, jini kuma yana tafiya a ƙarƙashinta babu ko ƙara. Idon kowa na kan jariri. Ke idonki ya tsaya a kan uwa."

Saboda haka ne Sista ta kafa wata ƙa'ida a ɗakin haihuwa. Duk matar da ta sauka, sai an ajiye mata ɗaliba guda a kan kujera kusa da gado. Kowane ɗan lokaci ɗalibar za ta danna marar mai haihuwar ta ji ko mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, ta ɗaga zani ta duba yawan jinin, ta riƙe wuyan hannu ta ji bugunsa. Ɗaliban suna kiran wannan aiki gadin gado.

Farfesa ta tsani gadin gado. Karɓar haihuwa take so, inda ake yaba mutum, dangi su yi ta sa albarka. Zaman kujera kuwa, a cewarta, aikin waɗanda kansu ba ya ja ne. Duk ranar da layi ya zo kanta sai ta nemi wata ƙawa ta zauna mata, ita kuma ta biya ta da bitar karatu. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a labarin nan. Shekara ta kusa zagayowa, yarinyar da ta fi kowa maki hannunta bai san bambancin mahaifa mai tauri da wadda ta saki ba.

Ranar da naƙuda ta kama Yaya, da rana tsaka mijinta ya kawo ta a motar hayar da yake ja. Aka yi sa'a Farfesa na bakin aiki. Sista ta bar ta ta sa safar hannu ta taimaka, kuma haihuwar ta zo da sauƙi. Aka samu 'ya mace jajir, mai ƙarfin murya.

Yaya tana haki tana dariya. "Ba na faɗa ba? Ungozomata a gida take."

Aka gyara ta, aka mai da ita gadon ƙarshe kusa da taga. Mijin ya leƙo ya ga 'yarsa, baki har kunne, ya fita waje yana ta kiran dangi a waya. Ana cikin haka aka shigo da wata mata da jaririnta ya zo a gicciye, dole Sista ta tafi can. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yau babu musaya, na san abin da kike yi. 'Yar'uwarki ce. Ki zauna, ki danna, ki ɗaga zanin."

"Haba Sista, ai ko ba ki faɗa ba."

Ta zauna ɗin kuwa. Ta danna marar sau ɗaya, sama-sama, ta leƙa zanin ta ga abin bai kai a damu ba. Can sai ga 'yan ajinsu biyu a bakin ƙofa suna yafito ta. Washegari akwai jarrabawar kalmomin Latin, su kuma sun rikice.

"Farfesa, don Allah taimaka mana. Wallahi ante da post ɗin nan sun cakuɗe mana da sauran."

Tana miƙewa Yaya ta riƙo gefen rigarta. "Ƙanwata, sanyi nake ji. Ga ƙishirwa kamar me. Kaina kuma yana ɗan juyawa."

"Gajiya ce, Yaya. Duk mai haihuwa haka take ji, mun karanta shi."

"Kin tabbata?"

"Ni fa ce, Yaya. Ki yi barcinki kawai."

Ta ba ta ruwa ta kurɓa. Sannan ta ɗauko bargo mai kauri a kabad, ta lulluɓe ta tun daga wuya har ƙafa, ta cusa gefunansa ƙarƙashin katifa don kada iska ta shiga. Da zuciya ɗaya ta yi hakan, tana ganin gata ta yi wa yayarta. Ta fita baranda.

A kan benci ta baje kolin iliminta. Ta yi bayani, ta kawo misalai, ta gyara musu furuci, ta yi wa wadda ta yi kuskure dariya. Wasu ɗaliban da ke wucewa suka tsaya sauraro, abin ya ƙara mata daɗi. Sau ɗaya ta leƙa ta taga, ta ga Yaya ta rufe ido shiru, jaririya na barci a ɗan gadonta. Ta koma ta ci gaba.

Rana ta fara sanyi lokacin da Sista ta fito daga wajen ɗayar matar. Ta ga taro a baranda, ta ga Farfesa a tsakiya, ta wuce ciki da sauri. Ta fizge bargon.

Katifar ta jiƙe sharkaf. Jinin ya bi robar shimfiɗa ya taru a ƙarƙashin bayan Yaya, har ya fara ɗiga ta gefen bango inda ba a gani. Leɓɓanta sun yi fari, hannunta sanyi ƙalau. Sista ta danna marar ta ji ta taushi kamar ƙullun fulawa.

"A kira likita! A kawo ƙarin ruwa! Ke, zo nan ki murza mata mara!"

Farfesa ta ɗora hannu, ba ta ma san inda za ta murza ba. Sista ta ture ta gefe ta yi da kanta. Aka yi allura, aka sa ruwa, aka nemi jini, aka tura gadon ɗakin tiyata a guje. Mijin ya biyo su da waya a hannu yana tambaya, "Lafiya? Yanzu fa muka yi magana da ita, dariya take yi!"

Babu wanda ya tsaya ba shi amsa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jinin da ya zuba ya yi yawa. Kafin rana ta faɗi, rai ya yi halinsa.

Sista ba ta yi wa Farfesa faɗa ba. A bakin famfo ta same ta, ta yi mata tambaya ɗaya.

"Yaushe rabonki da ɗaga zanin?"

Farfesa ta ci gaba da wanke hannunta a ƙarƙashin famfon.

Sista ta ce, "Ni ma ina da nawa alhakin. Na san halinki, na bar ki da ita." Ta share ido da bayan hannu ta wuce. Ta kai maganar gaban shugabannin makaranta kamar yadda doka ta ce, aka dakatar da Farfesa. A gida kuwa, abin da aka sani kawai shi ne jini ya ɓalle.

Bayan kwanaki, da masu gaisuwa suka ragu, mahaifiyarsu ta kira ta ɗaki. Tsohuwar na zaune a bakin gado, jaririya a cinyarta, tana ba ta madara da ƙaramin cokali. Ta rame, idanunta sun kumbura. Ta kamo hannun Farfesa ta riƙe gam.

"Ki daina kukan nan haka, 'yata, kin fi kowa ƙoƙari. Kwana ne ya ƙare. Ni abin da ke sanyaya mini rai guda ne. Ba a hannun baƙi ta cika ba. Kina zaune kusa da ita har ƙarshe, ko ba haka ba?"

Tsohuwar ta ɗago kai tana kallonta, tana jiran amsa.

Darasi: Ilimin da ya tsaya a baki bai sauko hannu ba, ba ya ceton kowa. Kada ka raina ƙaramin aikin da aka damƙa maka don ba a yabo a kansa, wataƙila ran wani ne a ciki. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma wani lokaci ba mai shi ne ke fara biya ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman ɗalibai da masu jinya, Allah Ya sa wani ya gyara tun da sauran lokaci.