Manomin da Ya Auna Ƙafar 'Yarsa

Akwai wani manomi mai ƙwazo, wanda duk ƙauyensu an san ba a fin gidansa kayan Kirsimeti. Shi ma ya san haka, ba ya kuwa ɓoyewa. Da an gama girbi sai ya sayar da wake, ya yanko kara, ya auna ƙafar kowane yaro, ya nufi kasuwa yana taƙama.

Wata shekara, yana durƙushe yana auna ƙafar autarsa Liyatu, sai ta fara gaya masa cewa malamar makarantar Lahadi ta ba ta aya, za ta faɗa da ka a gaban jama'a ranar Kirsimeti. To, Liyatu tana da i'ina. Kafin ta kai ƙarshen magana, uban ya riga ya karya karan daidai tsawon ƙafarta, ya miƙe.

"Na gane," in ji shi. "So kike ki fito fes. Bar mini wannan."

Haka ya saba. Da harshenta ya sarƙe sai ya ƙarasa mata maganar, a ganinsa taimako ne.

Ya sayo jan takalmi mai ƙyalli, ya ajiye a gabanta yana jiran ta yi tsalle. Liyatu ta durƙusa ta yi godiya, ta kai takalmin ɗaki, sa'an nan ta gaya wa uwarta ba za ta je sujada ranar Kirsimeti ba.

Ran manomin ya ɓaci ƙwarai, ya shiga faɗa a kan 'ya'yan zamani da ba su san wahala ba. Matarsa ta bari ya gama, ta ce, "Maigida, ƙafarta kawai ka auna. Tsoro take ji kada a yi mata dariya. Har gona ta bi ka don ta faɗa maka."

Kunya ta kama shi. Kashegari da safe abokansa suka zo su tafi duba saniyar watanda da za su yanka su raba, ya ce su je ba shi. Ya kifa turmi ya zauna, ya kira Liyatu.

"Faɗa mini ayar. Ba inda za ni."

Ta fara, ta maƙale. Kalmar tana bakinsa, ya haɗiye ta, ya jira. Da ƙyar kalmar ta fito daga bakinta. Haka suka yi ta yi kowace safiya, shi da bai taɓa iya yin shiru ba.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika maƙil. Liyatu ta tsaya a gaba tana faɗin albishirin da mala'ika ya kawo wa makiyaya. A tsakiya harshen ya sarƙe, wasu yara suka fara ƙus-ƙus. Ta ɗaga ido ta ga ubanta ya zuba mata ido, yana jira. Ta ja numfashi, ta kai ayar har ƙarshe. Manomin ya miƙe yana hawaye, yana gaya wa na kusa da shi cewa 'yarsa ce, alhali kowa ya sani. Bai taɓa yin alfahari irin na ran nan ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan mu ne, iyaye. Takalmi ba laifi ba ne, ku saya in da hali. Amma Ubanmu na sama, wanda ya san abin da za mu roƙa tun ba mu buɗe baki ba, yakan saurara har mu gama. Mu da ba mu sani ba, ina dalilin gaggawa? Yaron da aka saurara masa a gida zai iya tsayawa a gaban taro. Yau in kun koma gida, wani yaro zai fara magana. Ku zauna, ku bar shi ya kai ƙarshe.