Jan Zare a Wuyan Akuyar Lado

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya nufe mu da zama a gaban malaminmu, bawan Allah salihi, masani mai tawali'u da gudun duniya, wanda Maganar Allah ta zauna a ƙirjinsa kamar ruwa a sabuwar randa, wanda ya yi shekara talatin yana taka keke tsakanin Roni da Gwiwa da ƙauyukan Kazaure yana karantar da masu bin Almasihu, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Wata guda ke nan da aka sa shi a ƙasa, ido bai bushe ba tukuna, amma abin da ya faru a gidan Lado bai kamata a binne shi tare da shi ba.

Lado manomi ne a wani ƙauye kusa da Gwiwa. A gidan Maguzawa ya tashi, kuma a gidan ubansa in ciwo ya kama mutum sai a ɗaura wa akuya jan zare a wuya a ce ta iskoki ce, ba a tatsarta, ba a sayar da ita, sai mara lafiya ya tashi a yanka. Ya bi Almasihu da zuciya ɗaya, amma hannunsa bai manta ƙullin zaren ba.

Shekarar babban fari, lokacin da rediyo ke ta labarin arzikin fetur alhali rumbuna wayam, ƙyanda ta kama 'yarsa Veronica, ba ta cika shekara biyu ba. Nonon uwarta Angelina ya ƙafe don yunwa, ba abin da ke riƙe da yarinyar sai akuya ɗaya tilo. Lado ya durƙusa ya ce, "Ya Ubangiji, in ka tashe ta, akuyar nan taka ce." Ya ɗaura jan zare, ya hana a taɓa ta.

Angelina ta ce, "Maigida, to me za ta sha?"

Tsohuwarsa Adda ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai Lado, Allah ne zai sha nonon ko jikata?"

Bai saurare su ba. Kwana tara ba a tatsa ba har hantsar akuyar ta motse, yarinyar kuwa ko kuka ba ta iyawa. A kwana na tara da tsakar rana ya tafi gona, ya tsaya cikin geron da ya bushe tun bai kai gwiwa ba, ya yi abin da yake yi a kasuwa in an ƙi tayinsa: ya ƙara. Ya ce, "In akuya ta yi kaɗan, ga tsohuwa nan, ta ci zamaninta. Ɗauke ta ka bar mini yarinyar." Ba kowa a wurin sai kurciya. Da ya koma gida ya tarar Adda ta ajiye masa rabonta na kunu, ya kasa sha, ya kasa duban fuskarta.

Washegari da hantsi sai ga malam, Allah ya ƙara masa daraja, ya jingine kekensa a jikin danga, ba wanda ya aika masa. Bayan gaisuwa ya ja Lado gefe, ya ce a hankali, "Abin da ka miƙa jiya a gona ba naka ba ne."

Lado ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Malam ya ce, "Allah Ubanka ne, Lado, ba dillali ba. Roƙonsa ake yi."

"Malam, to alkawarin akuyar fa? In na kwance ba zai yi fushi ba?"

"Ya karɓa, ya kuma ba Veronica. Kwance."

Lado ya kwance zaren. Malam ya ɗora tafinsa a goshin yarinyar, ya yi addu'a gajeriya wadda babu sharaɗi a cikinta ko ɗaya, sannan ya ce wa Angelina ta tatso. Ta ce, "Baba, ai ta ƙafe tun shekaranjiya." Ya ce, "Kawo ƙwarya, 'yata." Da ikon Allah nono ya zubo har kumfa ta kai bakin ƙwaryar, daga dabbar da ba ta ga ɗanyen haki ba wata da watanni, yarinyar ta haɗiya, ta buɗe ido, bayan kwana uku sai ga ta tana jan zanen uwarta a tsakar gida.

Kafin ya hau keke malam ya sunkuya a ƙofar Adda ya faɗa mata wata magana. Bayan tafiyarsa ta kira ɗanta tana dariya.

"Malamin nan naku ya yi mini faɗa. Jiya da rana na ce wa Allah ya ɗauke ni ya bar jikata, wallahi ban gaya wa kowa ba. Wai ba a musaya a wurinsa. Kai kuma me ya ce maka, ka dawo kamar an tsamo ka daga rijiya?"

Lado ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya Adda ta ƙara a duniya, kullum shi ke ɗebo mata ruwa da kansa, ba ya barin kowa, tana yi masa tsiya wai ya zama kamar amaryar gida, har ta rasu bai iya ba ta amsa ba. Sai a bakin kabarin malam ya faɗi labarin, zaren yana cikin aljihunsa.

Allah ya jiƙan malaminmu, mai gani bai tona ba, ya haskaka makwancinsa. Mu kuma da muka rage, masu bakin ciniki, Ubangiji ya rufa mana asiri, ya koya mana roƙo, ya sa albarkar bawansa ta bi mu. Amin.