Amanar Hawainiya Biyu

An ce wai wani falke mai suna Gambo ya taho da 'ya'yan hawainiya biyu daga ƙasar Yaman, tsanwaye shar, girmansu ɗaya. Da wata tafiyar ta kama shi, sai ya bar su amana wurin maƙwabcinsa Tanimu baduku, wanda duk unguwa ke kai wa ajiya. Wata takwas Tanimu yana kama musu fara.

Ran da Gambo ya dawo ya leƙa kejin, sai ya dafe ƙirji ya yi salati. Ɗaya ta zama ƙatuwa, da doguwar ƙoƙuwa a ka da ratsin rawaya da shuɗi. Ɗayar ko rabinta ba ta kai ba, ta yi baƙi da ɗige-ɗige, sai tonon gindin keji take yi.

Ya ce, "Haba Malam Tanimu! Ka sayar da tawa, ka kamo ta daji ka saka mini?"

Tanimu ya san in maganar nan ta zauna, ko allura ba mai sake ba shi ajiya. Ga shi shi ma bai san abin da ya bambanta su haka ba.

Aka tafi gaban Alƙali Jibo. Ya daɗe yana duban kejin, sannan ya lulluɓe shi da mayafi, ya ce, "Gambo, launi ba ya shaida a kan hawainiya. In idonka na rufe, da me za ka gane taka?"

Gambo ya ce, "Allah ya gafarta malam, ƙofar keji ta taɓa datse wa ɗaya yatsa a hannun hagu."

Aka yaye mayafi. Ga dungun yatsa a hannun ƙaramar!

Alƙali ya sa aka kawo kaskon yashi mai danshi aka saka a cikin kejin, ya ce a dawo jibi. Da aka dawo aka tona yashin, sai ga ƙwai talatin. Alƙali ya ce, "Namiji da mace ka bari. A jinsin nan namiji ke da girma da ado. Baƙin da ta yi kuwa, ciki ne. Biyu ka ba shi, dubi abin da ya mayar maka."

Gambo ya durƙusa gaban Tanimu, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Wanda ya tarar abinsa ya sauya kama, ya fara tuhumar saninsa kafin ya tuhumi amininsa.