Dokar Da Ba Ta Da Rana

Akwai wani ɗan majalisa da ake yi wa laƙabi da Aradu, domin in ya miƙe zai yi magana, har mai gyangyaɗi a kujerar baya sai ya wartsake.

Yayansa ne ya raine shi. Shekara ashirin da shida Yaya yana fasa dutse don ƙanensa ya yi karatu, har ƙurar dutsen ta cinye masa huhu.

Shi ya sa Aradu ya kawo ƙudurin doka: duk mai fasa dutse da ƙura ta lalata wa huhu, a yi masa magani kyauta. Ya so ya kai Yaya asibitin kuɗi, amma Yaya ya ƙi. Ya ce ba zai kwanta a gado mai laushi ba abokan aikinsa shida suna tari a gida, gara su jira dokar tare.

To, majalisa ke yin doka, gwamnati ke aiwatarwa. Minista ya kira Aradu ofis, aka sha shayi, aka yi dariya. Ya ce gwamnati za ta mara masa baya, da sharaɗi ɗaya tak: a cire ranar fara aiki, a rubuta cewa dokar za ta fara aiki ranar da minista ya ayyana. Zaɓe ya ƙarato, Aradu kuwa yana son a ga sunansa a jikin doka. Nan take ya amince.

A ofishin tsara daftari akwai wata dattijuwa da ake kira Jan Biro, saboda ba takardar da ke fita daga hannunta ba gyara. Da Aradu ya kai mata daftarin, ta karanta layin, ta sauke tabarau.

"Ranka ya daɗe, ka miƙa musu wuƙa da nama. Ka sa wata shida, ka sa shekara ma, amma ka sa rana."

Ta jawo aljihun tebur ta nuna masa dokoki goma sha ɗaya. Duk an sa musu hannu, ba wadda ta taɓa aiki.

Aradu ya yi dariya. "Inna, ki tsaya a kan waƙafi da aya. Siyasa ki bar mana."

Doka ta wuce, aka tafa, aka ɗauki hoto. Ya kai wa Yaya kwafi. Bawan Allah bai iya karatu ba, amma ya naɗe takardar a leda, kowa ya zo dubiya sai ya nuna masa ya ce ƙanensa ya yi musu doka.

Wata uku, wata takwas, shiru kake ji. Aka canza minista, sabon ya ce ana nazari. Aradu ya yi ta tsawa a zaure, aka amsa masa cikin ladabi cewa ai majalisa da kanta ta ba gwamnati wannan iko, har da ƙuri'arsa.

Wata safiya Yaya ya tattara abokansa suka tafi asibiti da takardar. Ma'aikacin asibitin ya duba, ya ce su yi haƙuri, ba ta fara aiki ba tukuna. Suka dawo a ƙafa, suna tafiya suna hutawa.

Da Aradu ya zo duba shi, Yaya ya kama hannunsa, numfashi na fita da ƙyar.

"Ƙanena, ba faɗa zan yi ba. Mutanen nan ni suke tambaya. Yaushe ne ranar?"

 Bayan sati biyu Yaya ya rasu, takardar tana ƙarƙashin matashinsa.

Aradu ya koma ofishin Jan Biro, idonsa jawur. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta yi masa ta'aziyya, ta jawo aljihun. Dokarsa ce ta goma sha biyu.

"Inna, saura mutum shida," in ji shi. "Zan kawo gyaran dokar. Koya mini yadda ake sa rana."

Ta tura masa kujera, ta miƙa masa biron.

Darasi: Ikon da jama'a suka damƙa maka amana ce, kada ka sallama shi don a tafa maka. Kuma kada girman kujera ya hana ka sauraron wanda ya san aikin. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu wakiltarmu, ko wani zai gyara tun kafin a yi rashi.