Manomin da Ya Ƙara Takardu

Akwai wani manomi mai suna Irmiya, wanda ɗansa Sila ya yi shekara goma sha biyu a wata ƙasa mai nisa. Da ƙarfin tsohon ya fara ja da baya, sai Sila ya aiko masa ya ce, "Baba, ka zo ka zauna tare da mu. Jikokinka ba su san fuskarka ba. Na riga na tsaya maka a gaban hukuma."

Irmiya ya sayar da shanun huɗarsa, ya ba ƙanensa aron gona, ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishin jakadanci har aka buga masa biza a fasfo. Ran da ya je karɓa, aka haɗa masa da wani ambulan mai jan hatimi. Ma'aikaciyar da ta miƙa masa ta ce, "Baba, kada ka buɗe wannan. Jami'in bakin iyaka ne kaɗai zai buɗe shi. Shi ne kuma zai ce maka shiga ko koma."

Ya ce, "Na ji, 'yata."

Ya ji ɗin, amma a kunne maganar ta tsaya. Da ya isa gida ya auna ambulan a tafin hannunsa, sai ya ji ba nauyi. Ransa ya ɓaci. A ce mutum mai shekara sittin da takwas, duk labarinsa bai kai nauyin ganyen mangwaro ba? A ƙauyensu ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, kuma a gaban hakimi wanda ya fi shaidu shi ake saurara. Irmiya kuwa, wohoho, mutum ne mai takardu! Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da shaidar baftisma, da takardar yabo ta shekarar da ya ci gasar noman masara, da wasiƙar mai unguwa, da shaidar shekara ashirin da ya yi yana dattijon ikkilisiya. Ya kara ambulan a tururin tukunya har bakinsa ya saki, ya cusa su duka a ciki, ya manne da ƙaro, ya danne da dutsen niƙa. Ambulan ya kumbura kamar cikin akuyar da ta faɗa gonar wake, sai hankalin Irmiya ya kwanta.

A bakin iyaka ya bi layi har aka zo kansa. Ta cikin shingen waya yana hango Sila riƙe da hannun yara biyu, suna ɗaga masa hannu. Jami'in shige da fice ya karɓi ambulan, ya juya shi, ya dubi hatimin.

Ya ce, "Baba, wa ya buɗe wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Amma ban cire komai ba, ƙari na yi."

Jami'in bai yi faɗa ba. Ya zare takardun yabon ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su gefe. Daga ƙasa ya ciro wata 'yar takarda, ya ce, "Ka san abin da ɗanka ya rubuta a nan? Ya ce, 'Wannan mahaifina ne. Cinsa da kwanansa da lafiyarsa, da duk abin da zai same shi, a wuyana suke.' Wannan kaɗai ta ishe ka, Baba. Amma tunda hatimi ya karye, ba ni da tabbacin cewa abin da aka rufe shi ne ya iso gare ni."

Irmiya ya ce, "Ai ga biza a fasfo!"

"Biza ta kawo ka bakin ƙofa. Buɗe ƙofar kuwa a hannuna yake, kuma yau ba zan buɗe ba."

Haka Irmiya ya tattara takardunsa, ya juya yana hawaye, ya koma ƙauye, ba shi da sa, gonarsa kuma tana hannun ƙanensa. Garin neman gira ya rasa ido.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙasar nan mai nisa Mulkin Allah ne, jami'in kuwa shi ne Mai Shari'a, wanda ba a ɗaukaka ƙara daga gabansa. 'Yar takardar nan ita ce abin da Yesu Almasihu ya yi a kan gicciye, sa'ad da ya ce nauyinmu a wuyansa yake. Takardun Irmiya su ne ayyukanmu: baiko, da ƙungiyar mawaƙa, da kujerar gaba a majami'a. Ku lura, ba ƙarya a cikinsu ko ɗaya. Masarar ya noma ta, dattijantakar ma ya yi ta. Laifinsa shi ne ya raina abin da ɗansa ya rubuta, ya ga bai isa ba sai da ƙari.

'Yan'uwa, ku yi aikin kirki, ku yi shi da yawa, amma kada ku mai da shi takardar shiga. Irmiya yana iya rubuta wa Sila a sake sabon ambulan, ko da zai jira wata shekara. Mu kuwa sau ɗaya za mu tsaya a bakin waccan ƙofa. In an tambaye ka wa ya tsaya maka, suna ɗaya za ka faɗa, kuma ba naka ba ne.