Ƙarar Gizagon Baba

Auta yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai akwai shi da raina abin gida. Da ya shiga jami'a sai ya haɗa karatu biyu, sana'ar hannu da haɗa kiɗa. Da safe yana ɗakin sassaƙa, garin katako har gira, da rana kuma yana ɗakin ɗaukar sauti. Babansa masassaƙi ne, don haka murna ba a magana. Shi ne ma ya laƙaba masa Injiniya.

Wata rana malaminsu ya ce kowa ya haɗo kiɗa da ƙarar aikin hannu. Auta ya zo gida ya kafa na'urarsa a rumfar Baba. Shi kuwa Baba ba ya iya aiki baki rufe. Ya sara gungume, ya rera 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, ya yi tari, ya ƙwala wa Inna kira.

"Baba, don Allah ka yi shiru mana. Gizagon nake so, ba kai ba."

"Ji ɗan nema! Gizagon shi ke sara kansa? To Injiniya, na ɗinke bakin."

Ina! Ko sara goma bai yi ba ya koma waƙarsa, Inna na dariya daga madafi.

Auta ya koma makaranta ransa a ɓace. Ya zauna gaban kwamfuta yana tsince muryar Baba kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya cire waƙar, ya cire tarin, ya cire dariyar Inna. Abokin karatunsa ya ce, "Kai, ajiye na asalin mana." Auta ya ce hayaniya ce kawai, ya goge. Kiɗa ya fito tsaf, malami ya yaba.

Kafin hutu Baba ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta same shi a rumfar, zaune kan turmin da ba a ƙarasa ba.

"Auta, ba ka ɗauki Babanku a na'urarka ba? Kunna mini, ko tarinsa in ji."

Ya kunna. Kwas, kwas, kwas. Inna ta karkata kai tana jira. Shi ya san duk inda waƙar take a da, ya san gurbin da Baba ya ce Injiniya. Har abin ya ƙare Inna tana jira.

"Maido baya," in ji ta. "Wataƙila ban kasa kunne da kyau ba."

To 'ya'yana, kun dai ji labarin Auta. Ku yi karatunku, mu iyaye ma burinmu ke nan. Amma don Allah kada ilimi ya sa ku ɗauki surutun iyayenku hayaniya. Aikin da ya lalace ana sake shi, maki ana sake nema. Muryar da ta yi shiru kuwa babu na'urar da za ta dawo muku da ita.