Ɗorawar da Aka Sare Saboda Eriya

An yi wani mutum a wani gari tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ba zan kama sunansa ba. Ba don ya cancanci rufin asiri ba, sai don 'ya'yansa suna nan da ransu.

Mai sayen auduga ne, Allah kuwa ya buɗa masa. Yana da babbar mota, yana da rumbuna cike da dawa, yana da injin wuta a garin da kowa ke kunna aci-balbal. Ya je Makka ya dawo. Amma akwai ciwon da dukiya ba ta warkar masa ba: ba ya iya barci in ya ji wani ya fi shi da ko allura.

'Yan shekaru bayan mulkin kai aka fara watso talabijin daga Kaduna. Ya gan ta a gidan wani attajiri a Zariya, har akwati biyu. Ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. Bai huta ba sai da ya sayo uku: ɗaya don ɗakinsa, ɗaya don cikin gida, ɗaya don zaure, inda duk gari zai taru ya ga abin da Alhaji ya mallaka.

Ya aika Funtuwa aka kira Shitu mai gyaran rediyo. Shitu ya kafa bututun ƙarfe a kan soro, ya ɗaura eriya a bisansa, wani abu kamar ƙashin kifi, ya juya ta wajen Zariya, hanyar Kaduna. Ya jawo waya zuwa akwatin ɗakin Alhaji. Hoto ya fito, ana ganin fuskar mai karanta labaru har da hular kansa.

Alhaji ya ce, "Saura biyun fa? Eriyar nan za ta ɗauki uku?"

Shitu bai taɓa haɗa ko biyu ba. Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, ko goma ne."

Alhaji ya ce, "Haka na gani. Ai iska ce, iska kuwa ba ta ƙarewa."

Shitu ya fere waya da wuƙa, ya murɗe uku wuri guda, ya naɗe da tsumma. Guda ta shiga ta tagar ɗakin Alhaji. Guda ta bi cikin ciyawar jinkar zaure. Guda ta ratsa ta ɗakin inji, bisa gangunan mai, ta wuce cikin gida.

Ya 'yan uwa, wane mai lambu ne bai san cewa in ka raba ruwan jigo ɗaya hanya uku, kowace hanya sai ta rage gudu ba? Kaduna da nisa. Ɗan abin da eriyar ke kamowa da ƙyar ya ishi akwati ɗaya. Da aka kunna ukun da yamma, sai hoto ya koma kamar an watsa tsaki a faranti. Mutum ya fito da kai biyu, ya ɓace, ya dawo.

Zaure cike da dattawa. Sai Manu mahauci ya ce, "Alhaji, ashe yau ƙanƙara ake yi a Kaduna? Allah ya sa ba ta taɓa musu dawa ba."

Aka fashe da dariya. Wannan dariya ita ta hana Alhaji cin tuwo.

Maganin a fili yake: ya cire waya biyu, ya bar ɗaya. Amma ina! A ce Alhaji ya sayi uku, biyu sun zama akwatin ajiyar kaya? Ya sa aka ƙara bututu a kan bututu, har eriyar ta haura masallacin Juma'a. Hoto bai gyaru ba. Ya kama Shitu da zagi. Shitu ya ga asirinsa zai tonu, ya ɗaga kai yana neman abin da zai jingina wa laifi, sai idonsa ya sauka a kan wata ɗorawa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarawon nan. Itacen can ne ya tare hanyar Zariya."

To, ku ji labarin ɗorawar. Tana tsaye a filin da ke bayan gidan Alhaji, ta fi kowane abu tsawo a garin. Filin nasa ne, ya saya. Itacen ba nasa ba ne. Kowa a ƙasar nan ya san ana sayar da gona a ware ɗorawa, kuma a gaban mai gari aka ware ta. Ta wata tsohuwa ce Bamagujiya da ke zaune a bayan gari, ana ce mata Baturiya saboda haskenta. Mijinta ya mutu ya bar mata ita, ba ɗa, ba gona. Kalwar itacen take dafawa ta yi daddawa ta kai kasuwa. Garin ɗorawar take damawa in hatsi ya yanke. Makubar take sayar wa masu daɓe. Wannan itace shi ne rumbunta, shi ne ɗanta.

Lokacin kuwa bazara ce, 'ya'yan sun yi jawur suna reto, saura kaɗan a kaɗe.

Alhaji ya aika aka kira tsohuwar. Ta zo ta durƙusa a ƙofar zaure.

Ya ce, "Tsohuwa, itacen nan zan sare. Zan sa a ba ki dami biyu na dawa."

Ta ce, "Alhaji, dami biyu zai kai ni baɗi? Na baɗin fa? In ma ba makawa, ka bari in kaɗe na bana."

Ya ce, "Hotona ba zai jira daddawarki ba."

Ta ce, "Ɗan nan, da uwarka muka riƙa tsintar kalwa a gindinta, kana goye."

Ya miƙe ya ce, "Ku ji mini arniya! Har kina da bakin ambaton uwata? Ku fitar da ita."

Dattawa suna zaune a wurin. Masu gemu, masu carbi. Ba wanda ya ce masa, "Ka ji tsoron Allah." Me ya rufe musu baki? Tabarmar kallo! Kowa yana tsoron kada gobe a hana shi wurin zama. Mai gari ma da maganar ta je kunnensa, cewa ya yi a yi haƙuri da juna, domin shi ma yana da buzunsa a gaban akwatin.

Da safe masu gatari suka zo. Tsohuwa ta tsaya daga nesa, hannu a kan kai, har itacen ya faɗi ƙasa ta girgiza. Awakin gari suka rufar wa 'ya'yan. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Ni ban iya sallarku ba, Alhaji. Amma Wanda kuke yi wa ita ya gani. Allah ya isa."

Da yamma aka kunna akwatuna. Tsakin nan yana nan yadda yake. Shitu kuwa tun azahar ya hau kekensa ya nufi Funtuwa, ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Kuna tsammanin Alhaji ya yi nadama? Wani bututun ya ƙara. Yanzu babu abin da ya kai ƙarfensa tsawo a duk karkarar, tsaye shi kaɗai yana tsokanar sama.

Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, ana kiran magariba. Mutane suka tashi suka nufi masallaci. Shi yana durƙushe a bayan akwatin ɗakinsa, yana murɗa waya da hannunsa, yana cewa bari ya gwada sau ɗaya tukuna.

Aradu ta faɗi a kan eriyar.

Ta biyo waya ta sauko, ta iske inda aka murɗe uku, ta rabu uku. Hoto ne ya rage ƙarfi da aka raba shi. Wuta ba ta rage ba. Jinkar zaure ta kama. Gangunan mai suka fashe, wuta ta haura rumbuna, ta lashe motar da ke tsaye a gindin katanga. Akwatin cikin gida ya tarwatse, Allah ya taimaka, mata da yara suna tsakar gida suna kwashe shanya. Iska ce ta riga ruwa isowa, ta yi ta hura wutar. Kafin ɗigon farko ya sauka an gama.

Aka jawo shi waje da rai. Hannun dama ya shanye, kunne ɗaya ya mutu. Mai sayen auduga ba mota, ba hatsi, ba hannun riƙe sikeli. Dattawan zaure suka zo jaje sau ɗaya, suka ɗauke ƙafa. Daga nan ya koma kwana a ɗakin ƙaninsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya tuna da tsohuwa. Ta riga ta bar garin, ta koma wajen danginta a ƙauyukan Maska, tana cin abin da aka sammata. Ya aika ƙanin nasa da goro da turmin atamfa, a roƙa masa gafara. Ta saurara har ya gama. Ta tura kayan gabansa ta ce, "Ka ce masa na ji. Ya mayar da itacen inda yake, sai mu yi magana."

Ya 'yan uwa, wa zai mayar da ɗorawar da ta girmi kakansa?

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce laifin akwati ne. Akwati katako ne da gilashi. Laifin na zuciyar da aka ba ta ɗaya ta ce sai uku, ta ga kuskurenta ƙiri-ƙiri ta ɗora wa mai rauni. Laifin na mai sana'ar da ya ji kunyar cewa "ban sani ba", ya sayar da abincin tsohuwa don ya tsira da mutuncinsa. Laifin na masu gemun da suka sayar da gaskiya da wurin zama. Ku kuma masu cewa ai arniya ce, wa ya gaya muku haƙƙin maƙwabci yana tambayar addini? Wa ya gaya muku kukan wanda aka zalunta yana tsayawa a ƙofa sai ya yi alwala? Kai tsaye yake wucewa.

Wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ya mayar yau, tun abin yana mayaruwa. Akwai zaluncin da in ka yi, ko kana so ka gyara ba ka da hanya, sai dai ku haɗu a gaban Mai shari'ar da ba ya da buzu a zauren kowa.

Allah ya kiyaye mu da girman kai. Allah ya kiyaye mu da yin shiru a gaban azzalumi. Allah kada ya ɗauki ranmu da hawayen wani a wuyanmu. Amin.